Karin Waƙa a Ƙafar Tela

Da, in ka bi Titin Bauchi a Jos da hantsi, kunnenka ne zai fara nuna maka inda teloli suke. Keken ɗinki na ƙafa ne, kuma kowane tela da irin takunsa. Yanzu lantarki ke jan kekunan, duk ƙara ɗaya suke yi, miƙaƙƙiya, ba hawa ba sauka. Na ga wannan canji a Khartoum, na gan shi a Yamai da Kumasi, bai dame ni ba. Sai a Jos ya taɓa wani nawa.

Abokina ne tun muna samari, tela, kuma mai tsara waƙa. Bai taɓa zama ya ƙirga gaɓar kalma ba. Abin da masana ke kira kari, wato ma'aunin da ke sa kowane ɗango ya yi tafiya daidai da ɗan'uwansa in an rera, shi a ƙafarsa yake. Yana taka keke yana gunguni, kalmomi na bin takun. Kafin ya gama wuyan riga ya haɗa baiti. Na taɓa gaya masa cewa a Sudan na ji ana cewa daga tafiyar raƙumi Larabawa suka samo nasu ma'aunin. Ya ce to nasa raƙumin na ƙarfe ne, kuma mai yake sha.

Da girma ya zo, ciwon gwiwa ya kama shi. 'Ya'yansa suka tausaya, suka sayo masa keken lantarki. Ɗinki ya ƙara sauri, waƙa kuwa ta tsaya.

A daidai lokacin ne maƙwabcinsa na shago ya yanke shawarar komawa garinsu. Ibo ne, Kirista, mai sayar da yadi da maɓallai, a Jos gashinsa ya yi fari. A shekarun da gari ya rikice, kowannensu ya taɓa tsare wa ɗan'uwansa shago. Abokina ya yi masa alkawarin waƙar ban kwana a gaban jama'a. Tun daga nan mutumin ya samu abin tsokana, kullum sai ya leƙo.

"Oga tela, ina waƙa na? Mota ba zai jira ba fa."

Ana saura 'yan kwanaki na je shagon, ya rera mini abin da ya haɗa. Ƙwar biyar ce, wato ɗango biyar a kowane baiti. Amsa-amon ya zauna, ƙarshen ɗangogin duk suna faɗuwa kan sauti ɗaya. Amma waƙar ɗingishi take. Wani ɗango ya ruga, wani ya ja ƙafa, shi kansa sai ya tsaya a tsakiya ya sake farawa. Na ce a gwada yadda ake yi a makaranta, a raba gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Na nuna masa yadda na ga masu waƙar Faransanci na ƙirgawa da yatsu. Ya gwada, ya ƙara rikicewa.

"Alhaji, sunan cutar ka zo mini da shi ko maganinta?"

Muka yi dariya, amma tasa ba ta daɗe ba. Ya ce yana tunanin ya ba maƙwabcin haƙuri. Na san mutumin in ya tafi ba zai dawo ba, kuma na san abokina ba zai yafe wa kansa ba.

Tsohon keken na can ƙuryar shago, an jibga masa ƙyallaye. Na ce a fito da shi. Muka ɗiga masa mai, na tattare babbar rigata na zauna, na soma takawa babu zare babu yadi. Shi kuma ya ja kujera ya ɗora tafin hannunsa a kan allon keken. Da farko faɗa ya yi ta yi mini, wai ba tumatir zan kai kasuwar Farin Gada ba da zan riƙa wannan gaggawa. Da na sassauta ya ce na koma jana'iza. Can dai ƙafata ta faɗa kan takunsa, na ji ya fara gunguni. Ya cire kalma nan, ya sauya wata can, ɗangon da ke ɗingishi ya miƙe.

Kwanakin da suka biyo baya haka muka yi su. In na gaji mu huta mu yi gardama. Ya ce maƙwabcin kamar bishiyar mangwaro yake a bakin titi, na ce wannan kamantawa ce, in yana so ta yi ƙarfi ya ce shi ne bishiyar, ta zama siffantawa. Ya karɓa. Ya ce yadin da mutumin ya auna zai naɗe duwatsun Filato, na ce kambamawa ke nan, ƙarin gishiri da aka halasta wa mawaƙi. Sai ya so ya sa yadda maƙwabcin ke jan yadi a kan ma'auni har ya ƙara tsawo. Na ce in ya ambace shi zambo ne, ba a yi wa mai tafiya. Ya mai da shi habaici, ya ce akwai wani a layin nan, bai faɗi ko wane ne ba.

Ana haka maƙwabcin ya leƙo, ya gan ni ina zufa a kan keken da ba ya ɗinka komai, ya tambaya ko rigar iska ce aka ba ni kwangila.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, aka jera bencuna a gaban shagunan. Abokina ya rera waƙar daga zaune, ba tuntuɓe ko ɗaya. Da aka zo kan habaicin, maƙwabcin ya ɗaga hannu ya ce ya san mutumin, kuma ya tuba. Matarsa ta yi dariya har ta koma share hawaye da bakin ɗankwali. Washegari motar kaya ta ɗauke su.

Gwiwar abokina ba ta warke ba. Tun daga wannan waƙar bai sake tsara baiti shi kaɗai ba, sai na je na taka masa keke.