Injiniya Abdulghaffar Bawa da Mutum Arba'in na Karantina

Haihuwa da Karatu

An haifi Injiniya Abdulghaffar Bawa a shekarar 1947 a garin Bur Sudan, bakin Bahar Maliya. Mahaifinsa, Malam Bawa, mutumin Damagaram ne da ya taso aikin Hajji a ƙasa, guzuri ya yanke masa a nan, ya zauna yana ɗinkin buhu a tashar jiragen ruwa. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Malama Aissa, 'yar asalin Tasawa. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha uku, ya yi makarantar sana'a, sannan ya wuce kwalejin fasaha a Khartum, inda ya samu takardar shaidar karatu kan tsara aikin masana'antu a 1971.

Zuwa Jidda da Aure

A farkon 1975 ya tsallako Jidda, ya kama aiki a wani kamfani mai gyaran jiragen sintiri na sojan ruwa. Wanda ya sauke shi a unguwar Karantina shi ne Hamidou, wani mai walda mutumin Maraɗi da ke aiki a kamfanin, ya ba shi ɗaki wata takwas bai taɓa nuna gajiya ba. A 1977 ya auri Barakatu Usuman, suka tare a unguwar Kurayyat. Mutum ne mai tsananin tsari, har iyalinsa kan yi masa tsiya cewa ko shayi sai ya auna minti nawa ya yi a wuta.

Rahoton 1981

A 1981 aka ɗora masa binciken dalilin da ya sa jirgi ke cin fiye da wata biyu a wurin gyara. Ya shafe mako shida a bisa bene yana hangen ma'aikata da agogo a hannu, ya gano cewa a cikin awa takwas leburori na zaune awa uku. Ya sauko ya tambaye su ko akwai matsala, su kuwa, bisa al'adarsu ta rashin kai kuka gaban babba, suka ce, "Ba komai, Injiniya, alhamdu lillahi." Shi da ya tashi a gidan Hausawa ya kamata ya san nauyin wannan amsa, amma ya ɗauke ta yadda ta zo, ya rubuta cewa ma'aikata sun yi yawa. Kan wannan rahoto kamfanin ya sallami mutum arba'in, kuma da yake kamfanin ne kafilinsu, wato mai tsaya musu wajen hukuma, iƙamarsu ta zama a ƙasar ta faɗi, aka mayar da su ƙasashensu da iyalansu. Hamidou na cikinsu.

Aiki bai ƙara sauri ba ko da yini ɗaya. Sai a lokacin ya bar bene ya zauna cikin sauran leburorin, ya ga abin da suke jira: injin ɗaga kaya guda ɗaya da jirage uku ke rabo, da takardar izinin kunna wutar walda wadda ba ta fitowa sai hantsi. Wannan abu ya yi masa ciwo matuƙa, kuma bai taɓa ɓoye cewa kuskurensa ne ba.

Tsarin Gayya

A 1986, lokacin da kasuwar mai ta faɗi, hukumar kamfanin ta ƙudurta sallamar mutum ɗari da ashirin, ta nemi sa hannunsa. Ya ƙi, ya roƙi a ba shi jirgi ɗaya ya gwada wani tsari, da sharaɗin in ya gaza a fara sallama daga kansa. Maimakon rarraba mutane kan jirage uku, sai ya tara su kan guda, kamar yadda manoma ke yin gayya a gonar mutum ɗaya kafin su wuce ta gaba. Ya sa mai kankare tsatsa ya koyi fenti, mai walda ya koyi haɗa bututu, ya sa ana fitar da izinin wuta tun bayan asuba. Ya kuma daina tambayar mutum ko akwai matsala, sai ya ce masa, "Me kake jira?"

Jirgin da aka saba gamawa a kwana sittin da takwas ya koma ruwa a kwana arba'in da ɗaya. Ayyuka suka ƙaru, ba a sallami kowa ba, kuma a 1988 aka naɗa shi shugaban sashen tsare-tsare, muƙamin da ya riƙe da amana har ya yi ritaya a 2007.

Neman Yafiya

Duk da wannan nasara, mutum arba'in ɗin farko ba su bar zuciyarsa ba. Tun daga 1982, kowace shekara lokacin Hajji yakan bi masaukan alhazan Nijar da Cadi da takardar sunayensu yana cigiya, wanda ya samu labarinsa ya aika masa wasiƙar neman gafara. A 1994 Allah ya haɗa shi da Hamidou, wanda ya zo Hajji ya tsufa, idonsa ya yi rauni. An ruwaito cewa Hamidou ya riƙe hannunsa ya ce, "Halas, ya wuce, na yafe. Amma da ka zauna kusa da ni ran nan, da ka ga abin da nake jira." Waɗanda suka halarta sun ce ranar ce kaɗai suka ga hawayen Injiniya.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 21 ga Rabi'us Sani 1433, daidai da 14 ga Maris 2012, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi a Jidda, tsofaffin ma'aikatansa daga unguwannin Karantina da Sa'alaba suna karɓa-karɓar makara har bakin kabari. Ya bar matarsa Hajiya Barakatu da 'ya'ya biyar: Othman, Bashira, Mahmud, Rakia da Zeinabou. Cikin mutum arba'in ya samu yafiyar talatin da ɗaya. Wasiyyar da ya bar wa Othman a rubuce sunaye tara ce, da roƙon a ci gaba da nemansu, in sun riga mu gidan gaskiya a nemi 'ya'yansu. Allah ya jiƙansa da rahama.