Zanzanar da Kwamfuta Ta Yi wa Kakana

Ban taɓa ganin kakana ba. Ya rasu kafin a haife ni, kuma tsibirin da ya yi rayuwarsa a kai ruwan Kainji ya shanye shi. Ina aji biyar na sakandare wani ɗan uwanmu da ke aiki a madatsar ruwan ya aiko mana da ƙaramin faifan kwamfuta. Ya ce a ofishinsu ya ga tsofaffin hotunan da aka ɗauka kafin a tashi mutane, kuma a ɗaya daga ciki akwai kakanmu tsaye a bakin ruwa.

Kawuna yana da shagon buga takardu kusa da kasuwar Yelwa, ni kuma can nake wuni idan an yi hutu, ina karanta duk takardar da ta zo cikin kwali. Kwamfutarsa rubutu kawai ta saba nunawa. Saboda hoton nan, da kuma aikin katin biki da yake son farawa, ya sa aka kawo masa sabon katin hoto daga Kano, wato allon ƙarfen da ake sokawa a cikin na'ura don ta fitar da launi sosai. Monitar kuwa tsohuwa ce, ta hannu ya saye ta.

Sai muka yi gaggawa. Tun kafin a gwada katin aka aika wa Kaka a ƙauyensu na ɓangaren Ngaski cewa ta zo ranar kasuwa ta ga mijinta. Ciwon yana ya riga ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Kowa ya san in ba ta gani a wannan zuwan ba, da wuya ta gani a wani.

Da hantsi Kawu ya soka katin ya kunna. Rubutun farko ya fito lafiya. Daga nan allon monitar ya tarwatse, layuka a karkace suna gudu, ga wani siririn fito yana fitowa daga bayan monitar. Kawu ya zare wayar wuta da sauri.

"Za ta ƙone," in ji shi. "In ta ƙone, shago ya rufe."

Kaka na zaune a benci da ƙullin busasshen kifin da ta kawo mana. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, ina kishiyan naka? Ko ɓoye shi ka yi don kishi?"

Na kasa ko murmushi. Jirgin ruwan ƙauyensu bayan la'asar yake tashi.

A ƴar takardar da ta zo da katin na karanta cewa akwai wata hanyar kunnawa ta lallaɓa, wadda a cikinta na'ura ke yin watsi da sabon kati. Na roƙi Kawu ya bari na gwada. Allon ya tsaya cak. Na buɗe hoton. Amma ta wannan hanyar launuka kaɗan ne ke fita, sai na'urar ta cike sauran da ɗigo-ɗigo. Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja baya.

"Wanga ba shi ba ne. Malam bai yi zanzana ba. Fuskarsa sumul take kamar bayan tulu."

Kawu ya ce aikin inji ne. Ta ce inji bai san shi ba, ita ta san shi. Ta koma benci ta fara ɗaure mayafinta. Abin da ya fi tsorata ni ke nan: ta tafi da tunanin mun sa ta ƙetare ruwa don ta ga wani baƙo.

Na fahimci matsalar. Katin yana turo hoto da girma da saurin da tsohuwar monita ba ta iya bi. Ana iya rage shi, amma ta hanyar lallaɓa gyaran ya ƙi zama. Dole sai katin na aiki, lokacin da allon ba ya nuna komai sai layuka. Don haka na zauna ina maimaita hanyar da maɓallai kawai, ba tare da linzamin kwamfuta ba, har yatsuna suka haddace. Aka kira azahar, muka yi salla muka dawo, na ci gaba.

"In ka ji ƙauri, ka kashe," in ji Kawu. Ya tsaya riƙe da waya a bango.

Muka kunna. Layukan suka dawo, fiton ya dawo. Ina danna maɓallai ina kallon abin da ba ya karantuwa, gumi na sauka ta bayan kunnena. Ban san ko ina inda nake zato ba. Na ja girman zuwa mafi ƙanƙanta, na danna amincewa. Allon ya yi baƙi ƙirin. Kawu ya ce, "Shi ke nan, ta tafi."

Sai ta yi ƙyas, ta dawo a tsaye.

Hoton ya fi allon girma yanzu, sai na matsar da shi har fuskar ta zo tsakiya. Mutum ne siriri, da filafilin tuƙa jirgi a kafaɗa, yana ƙanƙance ido don rana. Babu ɗigo ko ɗaya.

Kaka ta matso. Ta kai yatsa kan gilashin, wutar jikinsa ta ɗan tsikare ta, ta janye, ta sake mayarwa. Ta faɗi wata magana da Gunganci, yaren mutanen tsibirin, wadda ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Wani maƙwabcin su Kaka ya leƙo ya ce jirgi ya fara lodi.

"Su jira," in ji ta. Sannan, ba tare da ta juyo ba: "Maigidana, matsar da shi ƙasa kaɗan. In ga ƙafafunsa."