Ganyen Malam Uzairu

Duk wanda ya san Malam Uzairu na Burumburum ya san shi da abu biyu: saurin fushi da wata 'yar kwalba da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda kullum take aljihunsa, kuma kullum babu komai a cikinta. Burinsa a duniya bai wuce ya cika ta da man wani ganye ba.

Shekaru ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare a Kiru, yana wanke kwalabe yana jera su. A can ya ji labarin jiraniyom, wani tsiro mai ganye kamar tafin agwagwa, wanda in ka murza shi sai ƙamshin fure da na lemo su cika maka hanci. Ƙamshin wani mai ne da ke maƙale a gashin ganyen. Masu turare da sabulu suna nemansa ido rufe, sauro da kaska kuma ba sa son warinsa. Da ya yi ritaya sai ya taho da 'yan rassa daga Jos, ya dasa a bayan gida, ya sa maƙeri ya haɗa masa tukunya da bututu. Tururi ne yake ɗauko man, ya bi ta bututun da aka nutsa a ruwan sanyi, ya ɗiga, man ya taso saman ruwa. Wani Alhaji mai yin sabulu a Kano ya ce masa, "Ciko min wannan kwalbar in gani, sai mu yi maganar gona guda."

To, ga inda gizo ke saƙar: ganyen rowa gare shi. Sai ka tara dami a kan dami kafin ka ga abin da zai jiƙa auduga.

Ana cikin haka matar maƙwabcinsa Bala ta haihu. Iya Asibi ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin, ta zo wucewa ta ji ƙamshi, ta karyi 'yan rassa ta haɗa da darbejiya don wankan jego. Shi ke nan, ta ɓallo masa ruwa! Mata suka shiga barka suka fito suna tambayar wane irin turare ne wannan. Kafin a yi suna, duk garin ya san ganyen Malam Uzairu.

Kuma fa a garinmu ba a hana ganyen wanka. Ka hana gishiri a ce maka marowaci, a wuce wurin. Amma ka hana maijego ganye? Har jikokinka sai an yi musu gori. Haihuwa kuwa ba ta hutu. Daga Tudun Wada ake zuwa, har daga Ɗansoshiya an taɓa aiko ɗan acaɓa da buhu, wai surukar wani ce ta ji labari.

"Jama'a, wannan fa ba darbejiya ba ce!" in ji shi, jijiyar wuyansa a tashe. "Mai nake so in tatsa. Kun san abin da ke cikin ganyen nan kuwa?"

"Albarka ce a ciki, Malam," in ji Iya Asibi, tana ci gaba da karya. "Allah ya saka da alheri."

Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, addu'ar. Da zaginsa suke yi da ya san abin da zai ce. Ya yi shinge, aka tsallaka. Ya yi ƙarya ya ce ya fesa magani, aka ce ai za a ɗauraye. Matarsa Asabe ma ba ta goya masa baya ba. "Kai kaɗai ne za a roƙa ganye ka tsaya karanta wa mutane kimiyya," ta ce. "Ni ce fa nake shiga cikin mata."

Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya kwashi rassa a ɓoye ya kai fadama, ya dasa a tsakiyar rake inda ba mai gani. Ya bar na bayan gida a matsayin sadaka. Wallahi mutumin nan ya sha wahala. Da rani ya yi ta jan ruwa, da damina ya yi ta yanke magudana don kada saiwar ta ruɓe. Ganye ya yi kyau, ya cika fal, har ya buga wa Alhaji waya ya ce a saurare shi.

A daidai lokacin nan autarsa Rufaida ta haifi ɗanta na fari, aka kawo ta gida wanka. Na bayan gida kuwa an riga an aske shi tas, sai sanduna.

Da hantsi Iya Asibi ta same shi a zaure yana gyara bututu. Ba ta ko zauna ba.

"Uzairu, 'ya'yan kowa sun yi wanka da ganyenka. Taka ce za ta yi da darbejiya?"

"Ai ya ƙare, Iya. Ku kuka ƙarar da shi."

"Ya ƙare? To me ya sa rigarka take ƙamshi kullum in ka dawo daga fadama?"

Daga cikin gida yana jiyo kukan jaririn da muryar Rufaida tana lallashi. Ba wanda ya tilasta shi, wannan kam gaskiya ce. Shi da kansa ya ɗauki lauje, yana tafe yana tsaki, ya yanko dami ya dire a gindin murhu. Wanka kuwa safe da yamma ne har arba'in. Kuma tunda an ga hanyar fadama, sauran masu jego ma suka bi sawu.

Bayan Rufaida ta koma ɗakinta, ya tattara abin da ya rage ya zuba a tukunya, ya hura wuta. Ruwa ya yi ta ɗiga mai ƙamshi. Mai kuwa ido ɗaya ya taso, kamar a miyar da aka yi wa rowa. Ya zuƙe shi da sirinji a hankali, ya ɗiga a kwalbar. Ya karkata ta, ɗigon ya bi jikin gilashin ya ɓace kafin ya kai baki. Dattijo da furfurarsa sai ga hawaye.

Sai aka yi sallama a ƙofar gida. Wani magidanci ne, fuska cike da fara'a, wai an samu ƙaruwa, ko za a taimaka da ganye.

Malam Uzairu ya mayar da kwalbar aljihu. "Allah ya raya," ya ce. "Je ka fadama, tsakiyar rake. Ka tuge har saiwar."

Bana masara ya shuka a wurin.