Waƙafin da Ya Faɗi a Hanya

Na fara ganinsa ranar Litinin, sha huɗu ga Satumba, bayan ambaliyar da ta cinye unguwannin bakin kogi. Ina ofishin cigiyar waɗanda suka ɓata, inda aka aro ni daga sashen rajista. Ya shigo da kwamfuta ƙunshe a leda, wandonsa duk laka. Ya ce 'yarsa yake nema, shekararta shida, tana gidan maƙwabta ruwa ya zo. Matarsa kuma tana asibiti da karaya. Na cika masa kati kamar kowa. Bai tafi ba. Ya ja benci kusa da soket ya zauna yana kallon tarin katunan da ke gabana.

"Malam," ya ce, "yaron da aka tsinta bai san lambar gida ba. Amma ya san kawunsa tela ne. Ku bar ni in haɗa muku su."

Sana'arsa ke nan, rubuta manhaja. Ya kafa mana wani rumbun bayanai da ban taɓa ganin irinsa ba. Kowane mutum ɗigo ne. Kowace dangantaka kibiya ce daga wani zuwa wani, da sunanta a jiki: ɗa, 'ya, wa, ya, ƙane, kawu. In ka kama ɗigo ɗaya, sai ka bi kibiyoyi har ka faɗa kan wanda ke cigiya. Tsakanin manhajarsa, wadda ya rubuta da yaren kwamfuta mai suna Python, da rumbun akwai wani ɗan tsari mai kai tambaya ya kawo amsa, wai shi direba. Wata rana ya buga tebur ya ce direba ya ƙi haɗawa. Iya mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Wane direba kuma, ɗan nan? Mu da ko keke ba mu da shi?"

Tun daga nan sunansa ya koma Direba.

Aikin ya yi kyau. An haɗa uwaye da 'ya'ya a gabanmu, an yi kuka, an rungume shi. Shi kuwa kullum kafin ya taɓa na kowa, tambaya ɗaya yake fara tura wa direban: akwai kibiyar 'ya da ta nufo ɗigona? Amsa ta dawo fanko. In sabbin bayanai suka shigo daga sansanoni, ya sake. Ya daina aski, bel ɗinsa ya ƙara huda. In matarsa ta kira, sai ya fita baranda, ina jinsa yana cewa, "Saura na tsallaken kogi, ba su gama turowa ba." Alhali sun turo.

Sai ga wani dattijo, tsohon kafinta, wanda ya ba da cigiyar autarsa. Manhaja ta nuna an sami yarsa, wato yayarsa, a sansanin tsallake, na kira shi na yi masa albishir.

"Yata?" ya ce. "Malam, furfurar nan ba fenti ba ce. Yayata ni na sa ta a kabari tun ba ka fara gemu ba. Shekararta nawa, wannan yayar tawa?"

Na duba. Tara.

"To, sannu. An haifa mini babbar yaya ina kwance."

Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Direba bai yi ba. Ya taso ya karɓi linzamin kwamfutar daga hannuna, ya buɗe saƙon asali da sansanin ya turo. A can an rubuta 'ya, daidai. Ma'aikatan tsallake da waya suke rubutu, kuma waƙafin sama na wayarsu lanƙwasasshe ne, ba miƙaƙƙe irin na kwamfutarmu ba. Manhajar tana share duk alamar da ba ta sani ba kafin ta miƙa wa direba, don kada tambaya ta karye. Ta share waƙafin. Duk 'yar da aka tsinta a tsallake ta shiga rumbu a matsayin ya.

"Ni na rubuta layin da ke sharewa," ya ce. "Tana can, Malam. Duk makonnin nan tana can, ni na mai da ita yayata."

Iya ta dafa kafaɗarsa. "Gyara dai, ɗan nan. Gyara tukuna."

Ya gyara layin, ya sa aka sake loda saƙonnin tsallake kaf. Muka tsaya a bayansa, har da kafintan. Kibiyoyi suka fara sauya suna, allo ya cika da 'yan mata ƙanana da iyayensu ke zarya a ofishin nan. Ya tura tambayarsa. Fanko. Ya canja ta zuwa kowace irin kibiya, da kowane suna, daga kowane sansani. Ya nemi mai shekara shida, mai biyar, mai bakwai, mai tabo a haɓa. Ya ce ko direban ne ya yanke, ya kashe ya kunna. Fanko.

Kafintan ya cire hularsa ya riƙe. Can sai Direba ya ce in miƙo masa wayar ofis. Shi ya kira iyayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowa haƙuri kan jinkirin.

An rufe ofishin a watan Maris, na koma rajista. Matar Direba ta warke, suka kama ɗaki a bayan tashar mota, inda yake gyaran waya. Da izinin hukuma rumbun yana hannunsa, kuma yana shigar da duk labarin da ya samu. Ba a ga yarinyar ba.