Motar Mahmudu da Ba a Kashewa

"To in na kashe ta na ɗan lokaci kaɗan fa?" Mahmudu ya sake tambaya yana zagaya motar.

Benjamin bai ɗago kai daga cikin inji ba. "Alhaji, tun da ka shigo kake yi mini tambayar nan, kuma amsar ba ta canja ba. In ta yi zafi ka kashe ta, tashinta sai ta ga dama. Wata rana ta huce ta tashi, wata rana sai na zo da na'ura na lallashe ta."

"Wai kai ne injiniya ko ita?"

"Ita ce. Ni yaronta ne."

Benjamin bakanike ne, mutumin Rijau, garejinsa na bakin hanyar Legas a Kontagora, kuma ba wanda ya san cikin wannan jif kamarsa. Ya riga ya bayyana wa Mahmudu cewa wani ɗan abu ne a jikin inji, bai kai ɗan yatsa ba, in ya ɗauki zafi sai ya hana a tayar da motar. An aika Kaduna, aka kawo wanda bai dace ba. An aika Legas, ana nan ana jira. Shawararsa ita ce Mahmudu ya bar motar a gareji ya hau babur zuwa ƙauyen da zai je. Mahmudu ya ce ba zai yiwu ba, akwai buhun shinkafa da goro na sadaka, sannan akwai Yaya Ruka, 'yar mai masaukinsa na ƙauye, mai ciwon gwiwa, ba mai ɗora ta a babur a cikin wannan damina. Benjamin ya rufe inji, ya goge hannu, ya ce to Allah Ya kai lafiya, amma kada a kira shi.

Mahmudu bai je Makka ba tukuna, motar ce ta ba shi sunan Alhaji. Da keke ya fara, yana saurayi, yana bin tungaye, ƙananan ƙauyukan da ke bayan Kaboji da Sahon Rami yana sayen ƙwarar kaɗanya wurin mata. Daga keke ya koma babur, ya haɗa da masara da waken suya, har kasuwancin ya kai shi wajen Zugurma. A duk shekarun nan masaukinsa ɗaya ne, gidan wani dattijo da kowa ke kira Bappa, a tungar da ake kira da sunansa. A zauren Bappa yake tara buhuna, a nan yake cin tuwo, a nan ya yi jinyar zazzaɓi wata shekara. Ɗan Bappa, Sulaiman, shi ne idonsa da ƙafarsa a ƙauye. Shi ke bi gida-gida da mudu, shi ya san matar da ke shanya ƙwara da kyau da wadda ke haɗawa da ɗanya. Mutanen tunga sukan ce 'ya'yan Bappa maza biyu ne, ɗaya dai a birni yake kwana.

Da hali ya samu, Mahmudu ya sayi jif ta hannu, baƙa, doguwa, irin wadda sai an kama ƙarfe ake hawa. A laka ba ta da na biyu. Inda ƙananan motoci ke juyawa su koma, ita a nan take jin daɗi. Ta taɓa jawo motar ɗaukar kaya daga cikin taɓo mutanen kasuwa suna tafi. Amma a gida wata iri ce. In ta kwana sai a tarar bayanta ya durƙusa kamar raƙumi. Gilashin gefe ya taɓa maƙalewa a ƙasa ana tsuga ruwa. Fitilun gargaɗi kuwa ja da ruwan ɗorawa sun cika gaban direba, har ya daina kallonsu. Duk wannan ya jure. Ciwon ƙin tashin ne ya sauya masa zama.

Tun da ciwon ya fara, Mahmudu ya zama mutumin da ba ya zama. In ya tayar da ita da safe, ba ya kashewa sai ya dawo ƙofar gida. A tsaye yake cin abinci. In zai yi salla a hanya sai ya shimfiɗa darduma a gefenta tana ruri. Gaisuwa ta koma ta taga, ya ɗaga hannu, ya tambayi iyali, kafin a gama amsawa ya yi gaba. Bai gaya wa kowa a ƙauye dalili ba, don a can motarsa ce ake ba da labari. Su kuwa suka fassara abin yadda ya yi musu, suka ce kuɗi sun hau kan Mahmudu.

Ana cikin haka Sulaiman ya kwanta da ciwon ciki, kafin a yi shawarar kai shi asibiti ya cika. Mahmudu ya isa washegarin jana'iza. Ya tsaya dab da rumfar zaman makoki, ya bar motar a kunne, don a wannan zamani ba mai son babbar mota ta kwana masa a daji. Ya tsuguna gaban Bappa ya yi ta'aziyya, idonsa jajir, amma kunnensa na wajen inji. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, rurin motar ya danne muryarsa, hayaƙi na bi ta kan tabarmi. Ana shafawa Mahmudu ya miƙe. An kawo masa ruwa ma bai sha ba.

Ruka, yayar Sulaiman da ke aure a Kontagora, ita ta kawo masa abin da ya biyo baya. Ta ce da aka tambayi Bappa ko Mahmudu ya zo, sai ya ce motar Mahmudu ta zo gaisuwa, shi dai ba a gan shi ba tukuna. Maganar ta hana Mahmudu sukuni. Ba buhunan da ke zaure ne damuwarsa ba, ko a ina ana samun ɗakin ajiya. Abin da yake tsoro shi ne ya shiga gidan nan a shimfiɗa masa tabarmar baƙi. Yau kuma ake addu'ar bakwai.

Daga gareji ya biya ya ɗauki Ruka. Sai da aka sa mata kujera 'yar tsugunne ta taka kafin ta hau. Tana zama ta dubi fitilun da ke gabansa ta tambaya ko biki ake yi a ciki. Har suka fita gari yana taɓa wannan yana murɗa wancan, yana leƙa allurar zafi, yana kasa kunne ga wata ƙara da shi kaɗai ke ji. Ruka ta ce in bai daina motsi ba za ta sauka ta ƙarasa a ƙasa da gwiwar tata.

A Kaboji suka bar kwalta. Ruwan jiya ya mayar da hanyar kunu. Masu babura sun sauka suna turawa, wando a naɗe. Mahmudu ya sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, motar ta yi wani gurnani ta shiga. Tana zamewa tana kama kanta, tana watsa jar laka har kan gilashi, amma ba ta tsaya ba. Da suka zo rafi ruwa ya kawo har gindin ƙofa, Ruka ta riƙe ƙarfe tana salati, motar ta ratsa ta haye gangaren da ke gaba kamar tana hawa tudun ƙofar gida. A nan kaɗai kafaɗun Mahmudu suka sauka, har ya ɗan shafa sitiyari.

"Wajen laka dai ba a ce mata komai ba," in ji Ruka. "Mutane ne ba ta iya zama da su ba."

Sai a nan ya gaya mata ciwon motar, a gajarce, yana kallon hanya. Ta tambaye shi me ya hana shi gaya wa Bappa tun ran nan.

"Yaya, mutum ya binne ɗansa jiya, in tsuguna in ce masa motata ba ta da lafiya?"

Can ta ce ita dai ba ta san inji ba, amma ta san mahaifinta.

Dabarar da ya kwana da ita ita ce ya tsaya nesa, gindin kukar da ke bakin tunga, ya bar motar a kunne inda ba za a ji ta ba, ya ƙarasa a ƙasa. Da suka iso kukar ya rage gudu. Ruka ta ce ko kusa, ita ba za ta iya taka wannan caɓi ba, ya kai ta ƙofar gida, in ya so ya dawo ya ɓoye abarsa. Haka ya ci gaba, yana tafe yana lissafin yadda zai sauke ta da kaya ya juya da sauri.

Bai samu wannan damar ba. Rumfa ta cika maƙil, maza a kan tabarmi har bakin hanya, an riga an zuba waina da goro a faranti. Liman ya gyara zama zai fara. Da motar ta tsaya sai ya sauke hannunsa yana jira, kowa ya juyo. Mata suka zo suka tallafi Ruka, samari suka sauke buhu. Hanyar juyawa a buɗe take. Mahmudu ya hango Bappa a jikin bango, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Tsohon ba motar yake kallo ba, ba kuma Mahmudu ba, tabarmar gabansa yake kallo.

Mahmudu ya dubi sama, hadari na haɗuwa ta gabas. Ya dubi allurar zafi. Ya kai hannu ya murɗa makulli.

Shirun da ya sauka ya ba shi tsoro. Ya ji kukan kurciya, ya ji wani tsoho na tari a bayan rumfa. Ya cire takalmi ya ratsa mutane ya tsuguna.

"Bappa, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah Ya jiƙan Sulaiman, Ya sa ya huta."

"Amin."

Iyakar abin da aka ce ke nan. Mahmudu ya nemi gefen tabarma ya zauna. Aka yi addu'a, a wannan karo ya ji kowace kalma. Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Yana jin ƙarfen inji na ƙas-ƙas yana hucewa, kowace ƙara kamar ana kiransa. Baƙi suka fara tashi rukuni-rukuni, shi bai tashi ba. Aka kawo fura a ƙwarya, ya sha. Aka kira azahar, ya bi jam'i, ya dawo ya zauna a inda ya tashi. Wani ya kawo labarin yadda Sulaiman ya taɓa korar wani mai awo da ya zo da mudu mai lotsattsen gindi, aka yi 'yar dariya. Mahmudu ya buɗe baki zai ƙara nasa, sai ya sunkuyar da kai ya daɗe a haka.

Da rumfa ta yi sauƙi, Bappa ya janye ƙafarsa daga kan buzun da yake zaune, ya buga gefensa da tafin hannu. Mahmudu ya matsa.

"Ka zo," in ji tsohon.

"Na zo, Bappa."

"Matan nan sun tara ƙwara, ba su san wa za su ba ba. Na ce su jira ɗan'uwansa."

Mahmudu ya ce to.

Bayan la'asar ya je ya gwada motar. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, haka. Kafin ya ce wani abu samarin tunga sun taru a bayanta, don a saninsu duk motar da ta ƙi tashi turi take so. Ya yi ta gaya musu wannan ba irin wadda ake turawa ba ce, ba ta da kuloci, ba wanda ya saurare shi. Suka tura ta har gindin kuka, suka turo ta suka dawo da ita, suna haki, laka har gwiwa. Ɗayansu ya ce lallai wannan motar 'yar birni ce, ba ta san alheri ba.

Bappa ya taso da sandarsa ya tsaya yana kallo. Ruka ta riga ta gaya masa komai a cikin gida.

"Ashe ita ce ba ta da lafiya," ya ce. "Mu muna nan muna cewa kai ne."

Ya sa aka tura ta bayan rumbu aka rufa mata tabarmi da karan dawa, yadda mai wucewa ba zai lura ba. Ya ce a share zaure, Mahmudu zai kwana, gobe da safe mata za su kawo ƙwara. Sannan ya nuna masa tudun da ke bayan makarantar firamare, ya ce a can kaɗai waya ke kamawa, in zai kira mai gyaran ya yi sauri kafin ruwan nan ya sauko.

Mahmudu ya zare makulli ya jefa a aljihu. Ya naɗe ƙafar wando, ya ciro waya, ya kama hanyar tudun yana shirya abin da zai ce wa Benjamin.