Mutumin da Ya Share Mana Filin Bayan Gidaje

Kafin shaguna su buɗe za ka ji kukan tayar amalankensa daga ƙasan layi. Sannu-Sannu muke ce masa, saboda gwiwarsa ta dama ta daɗe da daina yi masa biyayya. Shi ne mai kwashe mana shara. Ƙofa-ƙofa yake bi, ya juye bokiti, ya kife shi yadda ruwa ba zai kwanta a ciki ba, sannan ya tura kayan ƙazantarmu ya hau gangaren nan mai tsawo har juji, can bayan gari. Tun manyan 'ya'yana suna goye yake wannan hawa.

Ni ban zauna a aji ba, surukata ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Dako na yi a kasuwa har bayana ya lanƙwashe. Mota ta taɓa kifewa da ni, na tashi na kakkaɓe rigata. Shekarar amai da gudawa, a unguwar da ke jikin juji nake zaune. Na ɗauki gawar maƙwabtana, ciwon ya kama ni, na warke. Ba kowa nake yaba wa ba. Idan na ce mutum ya yi, to ya yi.

Bara ne wasu suka zo da igiyar awo suka kafa turaku a filin bayan gidajenmu. Wai matattarar shara za a gina: amalanken unguwanni duka su riƙa zubewa a nan, manyan motoci su zo su kwashe. Jikin katangar mutane! Inda mai wanki ke shanya, inda tagar ɗakin unguwar zoma ke kallo. Na tambayi mai riƙe da igiyar ko a bayan ɗakin uwarsa akwai fili. Ya ci gaba da awonsa.

A duk unguwar nan mutum ɗaya ne abin zai yi wa rana, shi ne Sannu-Sannu. Ogansu a kamfanin shara ya yi masa alkawarin gadin wurin. Kujera a inuwa, ba turi, ba gangare. Ku da ba ku taɓa ɗaukar kaya da ciwon gwiwa ba, ba za ku san girman wannan kujera ba. Ni na sani.

Muka yi taro, aka kafa kwamiti, aka sha ihu. Sai jami'in da aka turo ya ce, "Wane fili kuke kuka a kai? Ai ku kuka riga kuka mayar da shi bola. Masu dubawa za su zo su gani da idonsu."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Masu ihun nan, su ne ke cilla leda ta kan katanga idan sun ƙosa da jiran amalanke. Kusurwar filin ta yi tudu har akuya na hawa. Me kwamiti ya yi? Ya zauna gardamar wanda zai riƙe lasifika ranar da masu dubawa za su zo.

Kai kuwa, Sannu-Sannu, ba ka halarci taro ko ɗaya ba. Ka gama zagayenka da rana tsaka, ka juyo da amalanke, ka sa shebur a tudun nan. Kai ne ka hau gangare sau biyu a wunin da gwiwarka ke kukan sau ɗaya. Washegari ka sake. Rana ta uku ka sake.

Telan layinmu yana bakin shagonsa ranar da ogan ya zo a kan babur, shi ya ba ni labari.

"Baba, kanka ɗaya kuwa? Kujerarka kake kwashewa fa!"

"Na sani, Oga."

"Mutanen da ko ruwa ba sa miƙa maka? Wa ya aike ka?"

"Oga, ni kullum daga juji nake dawowa. Matata ba ta barina in shiga ɗaki sai na yi wanka na sauya riga. To waɗannan, idan jujin ya zo bakin tagarsu, ina za su je su yi wankan?"

"Amalanken kamfani ne dai."

"To ka bari in sauke wannan tukuna."

Mai wanki ce ta fara jin kunya, ta fito da tsintsiya. Ta leƙa gidan shugaban kwamiti ta ce, "Ranka ya daɗe, ajiye lasifikar ka zo, ledar gidanka ce ta fi yawa." Matan layi suka biyo ta. Ni ma na fita da sandata ina nuna musu inda suka tsallake, don idona har yau ya fi na samarin yanzu.

Masu dubawa suka zo suka tarar da fili fes, zannuwa na shanye, unguwar zoma na zaune a ƙofarta da mai jego. Suka zagaya, suka tafi. Daga baya aka cire turakun, aka kai ginin can wajen tsohon ramin dutse inda babu gida.

A makon aka karɓe amalanken Sannu-Sannu, aka sallame shi. Babu kujera, babu aikin.

Abin da ke tafasa mini jini ke nan. An yi shagalin nasara, an sa kujeru a filin da ya share, shugaban kwamiti ya sha babbar riga ya ce "mun yi gwagwarmaya". Wace gwagwarmaya? An gode wa mai lasifika, an gode wa wanda ya ara mana rumfa. Mutumin da ya sayar da hutun tsufansa don hancin 'ya'yanku, ba a ko kira sunansa ba. Yana can gefe yana tsince robobin ruwan da kuka zubar. Yau a buhu yake ɗaukar shararku, a ka, da wannan gwiwa.

Sannu-Sannu, gwarzon gangare, na gode. Allah ya saka maka, ya sauƙaƙa maka ƙafar nan. Ku kuma da kuke karantawa, ku daina jiran a ba ku lasifika kafin ku ɗauki shebur.

Mai waldan unguwarmu ya ce zai haɗa masa amalanke nasa na kansa idan an samu ƙarfe da taya. Na aika masa da gadona na ƙarfe jiya. A tabarma nake kwana, kuma ba yau na fara ba. Saura taya biyu. A layin nan na san gidajen da ke da su a bayan ɗaki, kuma gobe da safe ina tafe da sandata.