Abin da Baba Fensir Ya Goge

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da gidan kwana na uku, wanda ke bayan ɗakin cin abinci, a makarantar kwana ta maza. Lissafi yake koyarwa a aji, amma ba lissafin ne ya sa aka san shi ba. Gajere ne mai ɗan tumbi, tabaransa ɗaure da zare ta gefe guda, kullum da fensir maƙale a bayan kunne. Yara suka sa masa Baba Fensir. Ya sani sarai, in an kira ma yakan waiwaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kowane gidan kwana yana da littafin laifi, babba mai baƙin bango, duk shekara a buɗe sabo. Doka ita ce, yaron da sunansa ya shiga sau uku, ko sau ɗaya a kan babban laifi, sai ya ɗaure akwatinsa. Sauran malamai da biro suke rubutawa, nan take, tun zuciya na tafasa. Shi kuwa Malam da fensir yake nasa. Sai ya kira mai laifin ofishinsa, wani ɗan tsukukun ɗaki da tebur da kujera biyu suka cika, ya juya masa littafin.

"Karanta, maigida."

Yaro ya karanta.

"Na yi maka ƙarya?"

"A'a, Malam."

"To, ga shi nan da fensir. Daga yau zuwa ranar hutu kai za ka zaɓa mini, ko in bi ta kai da biro, ko in goge. Ɓace mini da gani, ka tsaya kamar turken jaki."

Ranar hutu da safe zai zauna da biro a dama, abin gogewa a hagu. Kada a ɗauka sanyin hali ne, biron ma yakan yi aikinsa, kuma wanda ya sha biron Malam ba ya cewa an zalunce shi. Amma abin gogewar ya fi saurin ƙarewa.

Matarsa, wadda yara ke kira Inna, takan ce, "Malam, da kai aka ba aikin mala'ikan hagu, da wuta ta rasa mai shiga."

"Ke dai ki gode Allah," in ji shi, "naki shafin ma da fensir yake."

A shekararsa ta tara aka yi wani ɗalibi mai dogayen ƙafafu, gwanin tsere, ana ce masa Zomo. Maraya ne, da wankau uwarsa ke riƙe shi. Saura mako uku jarrabawar fita, wata rana da tsakar rana ya jona waya a ɗakin ajiyar katifu don ya dafa ruwa, aka buga ƙararrawa ya tafi ya manta. Katifa goma sha ɗaya suka ƙone, har da ƙofar ɗakin. Laifi ne na kora babu ko shawara. Malam ya rubuta da fensir, ya gaya wa shugaban makaranta na lokacin cewa ya san mai laifin, kuma a bar masa. Kullum bayan an tashi daga aji sai ya tura Zomo wurin kafintan makaranta, aminin Malam, har suka haɗa sabuwar ƙofa. Zomo ya rubuta jarrabawarsa. Ranar hutu ya ga shafin fari tas, ya zube ƙasa yana kuka.

"Baba, har in mutu..."

"Tashi, tashi. Kada ka share mini ɗaki da gwiwa, akwai masu shara."

Bayan shekara ashirin da biyu aka turo sabon shugaban makaranta, sai ga shi Zomo ne. Allah Sarki Malam! Ranar da kansa ya goge rigarsa ta fita kunya, bai yarda Inna ta taɓa ba. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce, "Ɗana ne fa. A gidana ya kwana shekara biyar." Da suka haɗu a ɗakin malamai, sabon shugaba ya miƙo masa kan yatsu.

"Au, Malam, har yanzu kana nan?"

Daga ranar Malam ya koma ce masa ranka ya daɗe, kamar kowa.

A zango na biyu wani ɗan aji biyu ya maka wa wani babban ɗalibi bokiti a goshi, saboda kullum da safe sai ya ƙwace masa ruwan wanka. An yi ɗinki uku. Uban wanda aka fasa wa goshin shi ne shugaban ƙungiyar iyaye. Shugaban makaranta ya kira Malam ofis, bai ko nuna masa kujera ba.

"Ka sa sunan yaron nan da biro. Yau."

"Ranka ya daɗe, saura mako biyar hutu. A ba shi su."

"Wannan zamanin ya wuce, Malam."

"Zamanin ne ya wuce, ko yara ne suka daina kuskure?"

Wata magana ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Ya fito bai canja rubutunsa ba.

Mako biyu bayan haka kwamitin mutum uku ya zo daga ma'aikata. An kai ƙarar Malam cewa shekara da shekaru yana sauya takardun makaranta yana ɓoye masu laifi. Saura masa wata takwas ya yi ritaya. Mutumin nan bai da gida, bai da gona, bai da ko keke mai kirki. Abin da ya tara duka shi ne a ce ya gama aiki ba tabo, a tara yara a fili ya yi musu ban kwana.

Ya shiga ɗakin taro ya tarar da littattafansa jibge a tebur. Shugaban makaranta da kansa ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shafi saitin taga, yana nuna wa kwamiti sawun da fensir ya bari a jikin takarda. Ya san inda zai duba, ya san yadda zai karkata shafin haske ya kama. Malam, malamin lissafi, ya ƙirga littattafan da ido. Talatin ne. Ya sake bin shekarun da ke rubuce a bayansu. Na shekara ta tara ne babu.

Shugabar kwamitin dattijuwa ce, kuma da gani ba ta son abin da ake yi. Ta ce, "Malam, taimake mu mu taimake ka. Faɗa mana mutum ɗaya da ka goge wa, wanda ya zama wani abu, mu kira shi mu ji ta bakinsa."

Malam ya dubi ɗan nasa, shugaban makaranta. Shi kuwa yana ta wasa da murfin biro, idonsa a kan tebur. Aka ɗaga zama zuwa yamma.

A gida Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Kafinta ma ya zo, da garin katako a gashinsa.

"Ka faɗa mana, Malam!" in ji Inna. "Ga wanda suka yi ƙofar tare, ba sai an je nesa ba. Kai kaɗai ne mai kunya a duniya?"

"Ni a shirye nake," in ji kafinta. "Har yatsan da ya buge da guduma na tuna."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "In na faɗa, ai ban goge ba ke nan. Ajiya na yi." Ya mayar da tabaran, ya ce, "Ku bar shi. Da kansa zai tashi ya yi magana. Na san yaron nan, nauyi ne kawai yake ji."

Wallahi har zuciyarsa haka ya yarda. Da aka koma, ya ce wa dattijuwar, "Ranki ya daɗe, abin da na goge na goge." Sai ya zauna yana jira. An yi kusan awa biyu ana magana. Duk sanda kujerar shugaban makaranta ta motsa, sai Malam ya ɗago kai. Sau ɗaya shugaban ya miƙe, ashe fanka zai ƙara.

Takarda ta zo kafin hutu. An sauke shi daga gidan kwana, an yi masa ritayar dole saboda sauya takardun hukuma, ya bar gidan malamai cikin mako biyu. A makon aka kori ɗan aji biyun. Malam na tsaye ana loda kayansa a mota ya hango yaron da akwati a ka, ya nufi bakin ƙofa. Malam ya juya baya, ya ce wai ƙura ce ta shiga masa ido. Ba a tara kowa a fili ba.

Suka kama ɗaki biyu a bayan tashar mota. Tsofaffin ɗalibai suka ji, suka zo za su rubuta takardar koke, ya hana. Yakan zauna a ƙofar gida yana duba wa 'ya'yan maƙwabta aikin gida. Jiki ya fara zubewa, barkwancin nan ya yi ƙasa. Wata rana kafinta ya zo duba shi, ya tambaye shi abin da ya daɗe yana son tambaya.

"Malam, ka yafe masa?"

Malam ya ce, "Ina ƙoƙari, Kafinta. Kullum ina ƙoƙari. Bai samu ba tukuna."

Shekara ɗaya da rabi ya yi a ɗakunan nan, Allah ya karɓi abinsa. Ranar zaman makoki sai ga motar makaranta. Shugaban ya fito, aka matsa masa, ya zauna a gaba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Wannan rashi nawa ne. Uba ne a gare ni."

Mutane suka ce Allah Sarki. Kafinta ya laluba takalmansa, ya miƙe, ya zagaya bayan gida inda ba mai ganinsa.